Kwana Arba'in Kafin Ranar Kafara: Yadda Yahudawa Ke Shiga Bukukuwan Kaka

Tsakanin Satumba da Oktoba na kowace shekara, majami'un Yahudawa daga New York har tsibirin Jarba na Tunisiya sukan yi cikar da ba sa yi a sauran watanni. Mutumin da ya shekara bai leƙa ba, a wannan lokaci zai zo neman kujera. Cikin mako uku da 'yan kwanaki bukukuwa huɗu ke biyo juna: sabuwar shekara da suke kira Rosh Hashana, sai Yom Kippur wato Ranar Kafara, sai Sukkot ko Idin Bukkoki, sannan ranar saukar Attaura. Mai kallo daga nesa ba abin da zai hango sai tuffa da zuma da ƙahon rago. Amma nauyin lamarin yana cikin watan da ya gabaci bukukuwan, kuma mafi wuyar aikin wannan wata a ƙofar gidajen mutane ake yin sa.

Kalandarsu da wata take tafiya kamar ta Hijira, yini kuma da faɗuwar rana yake farawa. Inda suka rabu shi ne sau 7 cikin kowace shekara 19 Yahudawa kan ƙara wata na 13, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara yadda Ramadan ke zagayawa, kullum da kaka suke faɗowa. A 2025, shekarar 5786 ta shiga da magaribar 22 ga Satumba, Ranar Kafara ta kama 2 ga Oktoba. Tushen ranakun yana cikin Attaura, a sura ta 23 ta Littafin Firistoci: ranar ɗaya ga wata a busa ƙaho, ranar goma a yi azumi, daga ranar goma sha biyar a zauna cikin bukkoki har kwana bakwai. Sunan watan Tishri.

Watan da ke gabansa shi ne Elul, kuma Attaura ba ta ɗora wa kowa wata ibada ta musamman a cikinsa ba. Al'umma ce ta ɗora wa kanta. Daga kamawar Elul zuwa Ranar Kafara ana ƙirga kwana arba'in, malamansu kuma suka haɗa wannan da kwana arba'in ɗin da Annabi Musa ya koma kan dutse yana nema wa mutanensa gafara bayan sun bauta wa ɗan maraƙin zinariya. A ruwayarsu, ranar goma ga Tishri ya sauko da alluna na biyu, alamar an karɓi tuban. Ke nan duk shekara suna sake bin sawun mutanen da suka yi babban laifi, suka zauna jiran hukunci.

Yadda ake raya watan ya danganta da asalin mutum. Yahudawan Ashkenazi, waɗanda kakanninsu suka zauna a Jamus da Poland da Rasha, suna busa ƙaho kowace safiya bayan addu'a, ban da Asabar, don a farkar da mai gyangyaɗi. Ana ƙara karatun Zabura ta 27 a ibadar kullum. Yahudawan Sefardi da na ƙasashen Larabawa, irin su Maroko da Iraƙi da Siriya, su kuma tun farkon watan suke tashi kafin asuba su taru don addu'o'in neman gafara da ake kira Selihot, da karin murya wanda kunnen da ya saba da waƙen Larabawa ba zai ji shi baƙo ba. Ashkenazi sai daren Asabar na dab da sabuwar shekara suke fara nasu, da sharaɗin a samu aƙalla kwana huɗu. A Birnin Ƙudus, dubun dubatar mutane kan cika filin Bangon Yamma cikin dare saboda waɗannan addu'o'i. Ana ziyartar kaburburan iyaye, ana ƙara sadaka, ana biyan bashi. Wani malaminsu, Shneur Zalman na Liadi, wanda ya rasu a 1812, ya kwatanta watan da lokacin da sarki ya bar fada ya fito gona, talaka na iya tare shi da kayan aikinsa a jiki ba sai ya bi ta hannun dogari ba.

Abin da duk wannan ke nufa shi ne tuba, kuma wanda ya fi kowa tsara dokokinta shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, likita a fadar Salahuddin, wanda ya rasu a Masar a 1204. A babban littafinsa na fiƙihu, Mishne Tora, ya ware babi goma ga tuba kaɗai. A wurinsa sai mutum ya bar laifin, ya yi nadama, ya furta shi da bakinsa, ya ƙudurta ba zai koma ba. Ma'aunin da ya kafa kuwa mai tsauri ne: tuba ba ta cika sai ranar da irin wannan dama ta sake samuwa, da ƙarfin mutum da sha'awarsa kamar da, ya kuma kame.

Sai dai akwai iyakar da azumi da kuka ba sa tsallakewa. Mishna, tarin dokokin da aka rubuta wajen shekara ta 200, ta raba laifi gida biyu. Wanda ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, Ranar Kafara na shafe shi. Wanda ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa, ranar ba ta taɓa shi sai an je an nemi yardar wanda aka cuta. Mu ma mun san wannan magana, kullum malamai na tuna mana cewa Allah ba ya yafe haƙƙin wani. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka ɗaure ta da kwanan wata, suka kuma shimfiɗa mata matakai. In kuɗi ne, a mayar da su tukuna, sannan a roƙi gafara, domin biyan kuɗin bai goge ɓacin ran ba. In wanda aka cuta ya ƙi yafewa, a koma da mutum uku, har sau uku. Bayan na uku, in ji Bin Maimun, mai roƙo ya fita, laifin ƙeƙashewar zuciya ya koma kan wanda ya ƙi. In kuwa ya riga ya mutu, a tara mutum goma a je bakin kabarinsa, a faɗi laifin a gabansu, a mayar wa magada abin da aka ci.

A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake. Tuba tsakanin mutum da Allah ba mai ganinta, kuma zuciya gwana ce wajen yafe wa kanta. Amma tsayawa gaban ƙanenka da ka danne wa gado, ko ma'aikacin da ka wulaƙanta a bainar jama'a, ka ambaci abin da sunansa, wannan ba ya yiwuwa da rabin zuciya. Kwanan watan ma yana da amfaninsa. Gabar da aka bari sai an huce takan shekara goma ba a huce ba, alhali wanda ya san goma ga Tishri na tafe yana da dalilin ɗaga waya a yau, wanda aka kira kuma ya san dalilin kiran.

Tsarin bai tsira daga lalacewa ba. Yau da yawa kan wadatu da saƙo ɗaya a WhatsApp ko Facebook zuwa ga kowa da kowa, duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, irin wanda mu ma kan tura wa juna gab da azumi ko tafiya Hajji. Malamansu da dama na sukar wannan, domin fiƙihunsu ya fi son a ambaci laifin. Akwai ma tambayar da ta fi wannan zurfi. Mutum ya yi da wani a bayan idonsa, maganar ta cutar da shi, shi kuwa bai sani ba. Shin a je a faɗa masa? Yisrael Meir Kagan, wanda ya wallafa littafi sukutum kan haramcin gulma a 1873, ya ce a faɗa. Ana ruwaito cewa Yisrael Salanter, jagoran tarbiyyar ɗabi'a a Lituwaniya, bai yarda ba, yana ganin mutum ba shi da ikon ƙona zuciyar wani don ya wanke tasa. Ni na fi karkata ga Salanter. Neman gafarar da zai bar mai roƙo da sauƙin rai, wanda aka roƙa kuma da sabon ciwo, wata cutar ce ta biyu.

Yana da kyau a san dalilin da nauyin ya sauka a kan kowa haka. A zamanin da Haikali ke tsaye a Ƙudus, aikin Ranar Kafara na babban firist ne. Shi kaɗai ke shiga wuri mafi tsarki, sau ɗaya a shekara. A kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan a furta laifofin jama'a a kansa a kora shi jeji. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, ba firist, ba bagade, ba bunsuru. Malamai suka maye gurbinsu da addu'a da tuba da sadaka, abubuwa uku da ba mai yi wa wani. Har yau ana karanta labarin hidimar firist a ranar, amma aikin ya koma hannun masu sauraro.

Rosh Hashana kwana biyu ce, kuma ba ta yi kama da daren 31 ga Disamba ba. Ranar shari'a ce. Talmud, babban kundin malamansu, ya ce a ranar ake buɗe littattafai uku, na salihai da na mugaye da na 'yan tsaka-tsaki, waɗanda ake dakatar da hukuncinsu zuwa Ranar Kafara, kuma ana koya wa kowa ya ɗauki kansa ɗan tsaka-tsaki. Shi ya sa gaisuwar lokacin addu'a ce, Allah Ya sa a rubuta ka cikin masu shekara ta alheri. Wajibin ranar shi ne jin ƙaho, kuma yawancin majami'u kan kai busa ɗari, da sauti iri uku: dogo, da mai karyewa uku kamar nishi, da mai rawa kamar shessheƙa. In ranar ta faɗo Asabar ba a busawa. An fi son ƙahon rago don tunawa da ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, ƙissar da ake karantawa a rana ta biyu. A Attaura wannan ɗa Ishaƙu ne, a wurin mafi yawan malaman Musulunci Isma'ila ne, ragon dai shi ne na Layya. A gida ana tsoma tuffa a zuma, a ci rumman, wasu su ci kan kifi ko na rago. Da la'asar a je bakin ruwa mai gudu a yi addu'ar zubar da zunubi.

Kwanakin da ke tsakani su ne na ƙarshen dama. A jajibirin Ranar Kafara wasu kan zagaya kansu da kaza sannan a yanka a bai wa matalauta. Yosef Karo, marubucin littafin fiƙihu Shulhan Aruk a ƙarni na 16, ya yi tir da al'adar, kuma da yawa yau kuɗi suke bayarwa a madadinta. Cin abinci a wannan jajibiri ibada ne. Maza da yawa kan yi wankan tsarki, iyaye su sa wa 'ya'yansu albarka kafin a fita.

Azumin kusan awa 25 ne ba hutu, daga gabanin faɗuwar rana zuwa fitowar taurari washegari. Ba ci, ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Da yawa kan sa fararen kaya, wasu maza ma farar rigar da za a yi musu likkafani da ita. Amma rai ya fi azumi. Mara lafiyar da azumi zai jefa cikin haɗari wajibi ne ya ci, kuma ana ba da labarin yadda Salanter ɗin nan ya umarci mutanen Vilna su ci abinci a Ranar Kafara lokacin annobar kwalara ta 1848. Masu tarihi da dama suna danganta wannan azumi da na Ashura, tunda Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar ranar Ashura. Dalilin da hadisin ya kawo, kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna, a kalandar Yahudawa ya fi kusa da Idin Ƙetarewa na bazara, shi ya sa maganar ba ta yanke ba tsakanin masana.

Daren yana buɗewa da Kol Nidre, sanarwa cikin harshen Aramiya wadda ke warware alwashin da mutum ya ɗauka tsakaninsa da Allah ya kasa cikawa. Maƙiyansu sun daɗe suna kafa hujja da ita cewa rantsuwar Bayahude banza ce, an ma tayar da zancen a muhawarar Paris ta 1240. Malamansu sun sha bayyana cewa ba ta shafi alkawari ko bashi ko shaida tsakanin mutane ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ke zuwa gabaninta. Liman da dattawa biyu su tsaya kamar alƙalai, su sanar cewa an halatta yin addu'a tare da masu laifi. Talmud ya kai ga cewa azumin jama'a da babu masu saɓo a cikinsa bai cika azumi ba. Wato mutumin nan da ba a gani sai shekara-shekara, wanda masu zuwa kullum ke iya harara, an buɗe daren ne da tabbatar masa da wurinsa.

Furta zunubi ma a jam'i ake yi. Jama'a su miƙe tare, kowa na dukan ƙirjinsa a hankali, suna jero laifofi bisa jerin baƙaƙen Ibrananci, kowane da mun yi, ba na yi ba. Wanda bai taɓa cin hanci ba zai ce mun ci, tsohuwar da ba ta taɓa ƙwace ba za ta ce mun yi. Hikimar biyu ce. Mai laifin gaske ya samu faɗin nasa da ƙarfi ba tare da an nuna shi da yatsa ba, mara laifin kuma ya amsa cewa ɓarnar da aka yi a unguwarsa yana shiru da hannunsa a ciki. Wani zai ce jam'in mafaka ce ga wanda ba ya son cewa ni. Haka ne, in an yanke ta daga watan Elul. Wanda ya riga ya je ƙofar wanda ya cuta ya ce ni ne, shi ya cancanci shiga cikin mun. Da la'asar ana karanta ƙissar Annabi Yunusa da mutanen Nineba, waɗanda ba Yahudawa ba ne, suka tuba aka karɓa. Addu'a ta biyar, Ne'ila, ana yin ta rana na faɗuwa, sannan a rufe da doguwar busa ɗaya.

Duk wannan yana buƙatar jama'a, domin muhimman addu'o'i ba sa yiwuwa sai da mutum goma, maza a wurin masu ra'ayin gargajiya, maza da mata a wurin masu sassauci. Taruwar kuwa tana da tsada. Ba a taɓa kuɗi ranar Asabar ko ranar idi, don haka ba a zagayawa da faranti. Majami'u da yawa a Amurka da kuɗin rajistar shekara suke rayuwa, kuma saboda cunkoso sukan ba da kujerun waɗannan ranaku da tikiti, wanda kan kai ɗaruruwan daloli ga wanda ba memba ba. Kusan ko'ina akan yi wa mara hali rangwame, ƙungiyar Chabad kuma ta yi suna da buɗe ƙofa kyauta. Duk da haka abin da ciwo, a ce ranar da aka fara da maraba da mai laifi, talaka sai ya bayyana talaucinsa kafin ya zauna. Akwai kuma wahalar da ba a lissafawa, ta matan da ke girkin idi bayan idi har mako uku, da yawansu ba sa samun natsuwar da ake wa'azinta.

Tsoro ma ya shiga lissafi. A Ranar Kafara ta 2019 ɗan bindiga ya yi ƙoƙarin fasa ƙofar majami'ar Halle a Jamus, ƙofar ta ƙi, ya kashe mutum biyu a waje. A ta 2025 an kai hari a wata majami'a a Manchester ta Ingila, masu ibada biyu suka rasa rayukansu. Yau shirin idi a Turai da Amurka ya haɗa da 'yan sanda da masu gadi. A 2020 annobar korona ta gwada su ta wata fuskar: Isra'ila ta shiga dokar kulle a jajibirin sabuwar shekara, masu sassauci suka koma Zoom, masu gargajiya da ba sa kunna na'ura a ranar idi suka fita filaye da tituna don a samu goman nan. Dubun dubatar mabiya Nahman na Breslov, wanda ya rasu a 1810, ba su fasa zuwa kabarinsa a Uman ta Yukren don sabuwar shekara ba, ko bayan ɓarkewar yaƙi a 2022.

Na san mai karatu da yawa ba zai ji sunan Yahudawa a yau ba tare da hoton Gaza ya faɗo masa ba, kuma wannan ciwo na gaskiya ne. Siyasa ma ta sha kutsawa cikin waɗannan ranaku: yaƙin 6 ga Oktoban 1973 a Ranar Kafara ya fara, wadda ta dace da 10 ga Ramadan, harin 7 ga Oktoban 2023 kuma ya faɗo a ranar rufe bukukuwan. Amma ibadun nan sun girmi ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 da ƙarnuka masu yawa, kuma kusan rabin Yahudawan duniya ba a can suke zaune ba. Cikin masu dukan ƙirji a wannan rana akwai masu goyon bayan yaƙin Gaza, akwai kuma malamai da matasa, musamman a Amurka, da suka yi amfani da ranakun wajen kiran a tsagaita wuta, hujjarsu kuwa ita ce dokar nan ta haƙƙin ɗan'adam da azumi ba ya gogewa. A cikin Isra'ila kanta ranar tana tsayar da komai: filin jirgin sama a rufe, rediyo da talabijin shiru, manyan tituna sai yara da kekuna, har a unguwannin da ba su damu da addini ba.

Ana buɗe baki, masu himma kan fara kafa bukka a daren, don a fita daga wata ibada a faɗa wata. Kwana biyar bayan Ranar Kafara Sukkot ke shiga. Bukkar tamkar rumfar zana ce: bango na wucin gadi, rufi na ganye ko kara, inuwa ta fi rana yawa amma ana son a iya hango taurari. A ciki ake cin abinci kwana bakwai, wasu har kwana, don tuna shekara arba'in ɗin Bani Isra'ila a hamada, da kuma godiyar girbi. Ana riƙe reshen dabino da wani lemo mai ƙamshi da rassan itatuwa biyu a kaɗa su kowace kusurwa. Mai gidan bene da mai ɗakin haya duk a ƙarƙashin ganye suke, kuma gayyatar baƙi na cikin ladubban idin. Wanda aka sasanta da shi a Elul, a nan ake ganin ko zai zo cin abinci.

Rana ta takwas ake fara roƙon ruwa, domin a ƙasar Falasɗinu damina da sanyi take zuwa. Sai saukar Attaura: a karanta ƙarshen littafi na biyar, rasuwar Annabi Musa, nan take a koma farkon halitta, a fito da naɗaɗɗun littattafan ana zagayawa da su ana rawa, yara a kan kafaɗun iyaye. A Isra'ila rana ɗaya ake haɗa biyun, a sauran ƙasashe kwana biyu. Watan da ke biye, Heshwan, ba shi da idi a wurin yawancin Yahudawa, ban da na Habasha. Su sai sun ƙirga kwana hamsin daga Ranar Kafara su yi Sigd, su yi azumi su hau dutse a bayan limamansu don sabunta alkawari a matsayin al'umma. Tun da suka ƙaura a Ƙudus suke taruwa, kuma a 2008 majalisar Isra'ila ta sa ranar cikin bukukuwan ƙasa.